Na Kulle Rijiyata Don In Sayar Da Gida

Kawu Ndatsu, don Allah ka taimake ni da shawara. Idan dariya za ka yi, ka yi ta a ofis ka gama kafin ka ɗauki biro, domin wadda matata ta yi mini za ta ishe ni har ƙarshen shekara. Kada ka buga sunana. Ko da yake ban ga amfanin ɓoyewar ba, duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a Kpakungu, da ya fara karantawa zai ce ai mai Gidan Abuja ne.

Ni mutumin kudancin Kaduna ne. Aikin gwamnati ya kawo ni Minna tun ina saurayi, a nan na yi aure, a nan muka haifi 'ya'yanmu, bana kuma na yi ritaya. Ni da matata Sara (ita ta ce in sa sunanta na gaskiya, wai ita ba ta yi abin kunya ba) mun yanke shawarar komawa gida. Mahaifiyarta ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma duk 'ya'yanta suna nesa. Muna da gini a can ƙauye da ya kai linta, wato saman ƙofofi, ya tsaya, damina sai dukansa take yi ba rufi. Abin da zai rufe shi kuwa shi ne kuɗin wannan gida na Kpakungu. Na yi wa Sara alkawari a gaban ƙannenta cewa Kirsimetin bana a sabon ɗakinta za ta yi shi, kusa da mamarta. Da ƙarfi na faɗa, har da buga ƙirji, saboda a lokacin ina ganin ranar da na ce zan sayar da gidana sai an raba masu saye faɗa.

Bari in gaya maka irin gidan, ka gane inda girman kan ya samo asali. Lokacin da na sayi filin, gonar doya ce ta wani dattijon Gbagyi, gidajen da ke wurin ba su da yawa. Ana cikin ginin aka tura ni kwas Abuja, na sauka a gidan wani abokin aiki, na ga tayil a ƙasa, silin mai zane, da fitila mai rassa tana lilo a tsakiyar falo. Da wannan ciwon na dawo Minna. Abokaina masu hankali suna gina ɗakunan haya, ni ina zuba tayil har cikin ban ɗaki. Na sa mai walda ya yi mini get da zakoki biyu a jiki, suka fito sun fi kama da tumaki, amma ban yarda ba sai da 'yata Precious ta fara magana ta nuna su ta ce mee. Na yi gareji, alhali ko keke ba ni da shi a lokacin. Har yau motar ba ta zo ba, doya Sara take ajiyewa a ciki. Mutanen layi suka sa wa gidan suna Gidan Abuja, ni kuma na daɗe ina ɗauka yabo ne.

Ina ta gyara cikin katanga, unguwa kuma tana ta girma a waje yadda ta ga dama. Gidajen haya masu ɗaki-ɗaki suka kewaye ni. Mai faci ya kafa a bakin layi, 'yan acaba suka mayar da gindin mangwaro tasharsu, mai shayi ya ajiye teburinsa yana kallon tumakina. Coci a wannan kwana, masallaci a waccan, kowanne da lasifikarsa, kuma ba wanda ke jin kunyar ɗaya. Kwata ta ratsa tsakiyar layi, da damina sai ka tattare wando. A jikin katangata ta gabas kuma akwai rumfar maƙwabcina Ndagi, Banufe ne, mai injin markaɗe. Idan ya tayar da shi, fitilar nan tawa mai rassa rawa take yi.

Sai rijiya. Tun lokacin gini muka haƙa ta a kusurwar tsakar gida, dab da get, Allah kuma ya sa muka dace da wuri, ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa. Ka san yadda ruwan famfo yake a wajenmu, baƙo ne. Sara ta fara barin wata maƙwabciya ta ɗiba, wannan ta kawo 'yar'uwarta, kafin a ce me ya zama kowace safiya get ɗina a buɗe, jarkoki rawaya sun yi layi har waje, mata suna hira da Hausa da Nupanci da Gbagyi da guntun Turanci. Duk labarin Kpakungu a bakin rijiyata ake fara jinsa. Ban taɓa damuwa ba. Gaskiya ma ina jin daɗi in fito da jarida a hammata ana ta gaishe ni kamar wani hakimi.

To, na kira dillali, Malam Kudu, na zagaya da shi ɗaki-ɗaki, na gaya masa farashina. Ya daɗe yana kallon silin, na ɗauka kyansa ne ya kama shi, ashe dariya yake haɗiyewa. Ya fara kawo masu saye. Na farko wani alhaji ne da babbar mota, tayarsa ta faɗa kwata tun a bakin layi, 'yan acaba suka turo shi, ko gilashi bai sauke ba ya juya. Na biyu malamin jami'a ne, ya shigo, ya zauna a falo, na ga alamar gidan ya shiga ransa. Ina cikin yi masa bayanin inda aka sayo tayil sai Ndagi ya ja igiyar injinsa. Bawan Allah ya ga bakina yana motsi bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ɗaga kai ya dubi fitila tana rawa, ya tashi ya ba ni hannu. Na uku miji da mata ne, suka zo da safe suka tarar da tsakar gida cike da mata, matar ta tambayi Sara ko suna ake yi. Mutum ɗaya ne ya taya, kuɗin da ya faɗa kuwa irin na gidajen layinmu ne marasa ko filasta. Na ji kamar ya mare ni. Cikinsu duka babu wanda ya tambayi tayil, Kawu, ko mutum ɗaya.

Malam Kudu ya zaunar da ni ya ce mai sayen gida layi yake fara saye, gidan daga baya yake zuwa. Ya ce a sana'arsu an san mai saye ba ya yarda da bakin mai gida, idonsa yake bazawa a waje, ya ga su wa ke zaune, me ake yi, ina ruwa ke bi. Ya ce akwai wata mata da za ta zo ranar Asabar da kuɗinta a hannu, idan ina da wayo in gyara layin kafin ta iso. Ni kuwa da aka ce wayo, sai na ji an taɓo fannina.

Na bi gida-gida kamar ɗan takarar kansila. Mai shayi ya yarda ya kai teburinsa bayan layi. 'Yan acaba na saya musu lemo suka koma bakin titin Bida. Na roƙi 'yan kwaya na coci su ɗaga koyon waƙarsu zuwa yamma. Na roƙi iyaye su tsare yara a ɗaki. Na jera katakai a kan kwata na watsa yashi. Ndagi ma da na je masa, bai ja ba. Asabar ce ranar cinikinsa mafi girma, ranar da mata ke kawo wake da tumatir da tattasai na miyar Lahadi, amma ya ce ba komai, tunda don Mama Sara ta koma wurin tsohuwarta ne. Da hannunsa ya lulluɓe injin da tamfol. Matan rijiya kuwa ban iya gaya musu gaskiya ba. Na ce an zuba magani a ruwan, sai an rufe ta kwana biyu. Na sayo sabon kwaɗo na danna a murfin.

Ranar Asabar na sa kwat ɗina na zuwa coci, na tsaya tsakanin tumakina ina duban aikina. Tunda nake ban taɓa ganin layinmu haka ba. Shiru, ko kaza ba ta gilma. Na ce wa Sara ta fito ta ga yadda unguwar manya take, ta leƙo, ta ce ita dai kamar an yi rasuwa ta gani, ta koma.

Matar ta iso a kan acaba, ita da Malam Kudu. Madam Christiana sunanta, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, da haƙƙinsa da aka biya ta take son ta sama musu wurin zama. Na kai ta falo na kunna mata fitila, ta dube ta kamar yadda ake duban kalanda. Ta fi daɗewa a bakin get tana kallon layi sama da ƙasa. Ta tambaye ni ina mutanen unguwar suke. Na gyara kwala na ce ai haka muke a nan, kowa harkar gabansa yake yi, sai ka yi wata ba ka ji muryar maƙwabcinka ba. Ta ga rijiya da kwaɗo ta tambaya, na ce ta gida ce kawai, ba mai shigo mana. Ta tambayi inda ake markaɗe, ni da ke tsaye taku kaɗan daga injin Ndagi na ce sai an fita can bakin kasuwa. Har ina jin daɗin yadda amsoshin ke fito mini ba gargada. Ta yi godiya cikin ladabi, ta hau acaba ta tafi.

Washegari bayan an taso coci Malam Kudu ya kira ni a waya. Wai matar ta ce gidan ba laifi, amma ita aikinta wani mako safe ne wani mako dare, ba za ta bar 'ya'yanta a layin da yaro zai yi ihu ba wanda zai leƙo ba. Wai wata abokiyar aikinta ce ta ba ta labarin wani gida a Kpakungu mai rijiyar da ba ta ƙafewa, inda mata ke cika ƙofa tun safe, ga injin markaɗe a jikin katanga, ga masu zama a waje kullum, shi ya sa ta nemi a kai ta. Har ta yi masa faɗa wai ya kai ta layin da ba shi ba. Kawu, gidana take nema da duk abin da ke kewaye da shi, ni kuma na kashe mako guda da kuɗin lemo ina ɓoye mata shi. Da na gaya wa Sara, sai da ta zauna a ƙasa don dariya, ta yi har hawaye, daga nan hawayen ya ƙi tsayawa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Malam Kudu ya ce in manta da ita, ai dama ba za ta iya kuɗina ba. Ya ce in bar kwaɗon a rijiya matan su saba da rashinta, tunda mai saye yana iya zuwa kowace rana. Na bari. Kwana biyu suka zama makonni. Ba wanda ya zo ya tambaye ni wane irin magani ne wannan da ba ya narkewa, kuma rashin tambayar ya fi zagi ciwo. Masu hali suna saye wurin 'yan garuwa, marasa hali suna tafiya nesa da jarka a ka, suna wuce get ɗina ba su kallo. Ciyawa ta fara fitowa inda suke jera jarkoki. Ran nan da rana tsaka, muna kasuwa, aka haura aka ɗauke tukunyar gas ɗin Sara da zannuwanta a kan igiya. Tunda muka tare a gidan nan ko cokali ba a taɓa ɗaukar mana ba. Na samu unguwar manyan da nake nema.

Yanzu kuma Malam Kudu ya zo da sabuwa. Wai akwai wani ɗan kasuwa da zai ba da kuɗi mai kyau, kusa da abin da na nema, amma sai in babu injin nan. Ya ce rumfar Ndagi a jikin katangata take, ba bisa ƙa'ida ba, idan na kai ƙara wurin duba-gari za su tashe shi, kuma ba sai an san ni na kai ba. Kawu, Ndagi ne ya nemo mini masu haƙar rijiyar nan. Shekarar da gari ya ɗan rikice, muna ciki a tsorace, shi ya ɗauko bencinsa ya ajiye a ƙofata ya zauna da rediyonsa, duk wanda ya zo wucewa ya ce masa nan gidan ɗan'uwansa ne, bai ɗauke bencin ba sai da ƙura ta lafa. Tun haihuwar 'yata Baban Precious yake kirana. Tunda na bar kwaɗon nan, matarsa ma tana sayen ruwa, ya koma ce mini Oga. Yana gaishe ni da ladabi sosai, har da ɗan rusunawa, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Surukata ta faɗi a bakin murhu makon jiya, Allah ya kiyaye ba ta ƙone ba, amma ba za a ci gaba da barinta ita kaɗai ba. Damina ta kusa wucewa, Kirsimeti na matsowa, alkawarina na nan a kunnen ƙannen Sara. Ita kuma Sara ta ce ba za ta kwana a ƙarƙashin kwanon da aka saya da abincin 'ya'yan Ndagi ba, amma ina jinta tana waya da mamarta tana share ido. Idan na bi Malam Kudu na cika alkawari na bar Minna da kunya. Idan na ƙi, ban san ranar da gidan nan zai fita ba. Shin unguwa ce ta kashe mini gida, ko ni ne na gina abin da bai dace da wurin ba? In kai ƙarar ko in bari? Kwaɗon kuma, da wace fuska zan cire shi? Ka faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, na riga na saba.

Naka cikin damuwa,
Mai Tumaki Biyu, Kpakungu, Minna.

AMSA

Ɗan'uwana Mai Tumaki Biyu, na yi dariyar kamar yadda ka ba ni izini, amma da na kai wurin bencin Ndagi sai ta tsaya. Ina yi wa surukarka sannu, Allah ya ƙara mata lafiya.

Bari in fara da ba Malam Kudu gaskiyarsa, domin yana da ita. Unguwa ce ke yanka wa gida farashi. Hanyar shiga, inda ruwan sama ke bi, ƙara, irin gidajen da ke kewaye, waɗannan mai saye ba zai iya canza su ba, shi ya sa yake fara auna su. Tayil da silin kuwa kowa zai iya sa nasa. Gidan da ya fi duk na layinsu tsada ba ya jawo layin sama, layin ne ke jawo shi ƙasa. Saboda haka kuɗin da ka zuba a fitila da zakoki ba zai dawo duka ba, ka cire ranka daga yau. Ka ci moriyarsu shekara da shekaru, an gaishe ka kamar hakimi, wannan shi ne ribarka. Mutumin da ya taya ka ji kamar mari, ba raina ka ya yi ba, farashin layinku ya faɗa maka. Malamin jami'ar da ya gudu shi ma bai yi laifi ba, mai karatu da rubutu ba zai zauna da injin markaɗe a bayan kunnensa ba.

Inda Malam Kudu ya kauce shi ne ya ɗauka mai saye iri ɗaya ne a duniya, mai mota mai son shiru. Kada ka manta la'adarsa tana girma ne da girman ciniki, kuma ranar da aka tashi Ndagi shi ba ya layin. Mai neman shiru yana da unguwannin da zai je, ba zai zo Kpakungu ba sai don ya samu araha, kuma bayan inji zai ce kwata, bayan kwata ya ce lasifika. Wanda ke neman gida a Kpakungu da gaske, ruwa yake nema, da kusa da abin hawa, da maƙwabtan da za su sa masa ido a kan yara. Duk kana da su. A garin da ruwa ke wahala, rijiyar da ba ta ƙafewa ta fi duk abin da ke falonka daraja, kai kuma ita ka sa wa kwaɗo. Matan da kake ganin suna kore maka masu saye su ne masu gadin da ba ka taɓa biya ba, tukunyar gas ɗin Sara ta ba ka shaida.

Batun ƙara, kada ka kai. Ko ka kai a ɓoye, kafin la'asar duk layin ya san wanda ya kai, tunda katangarka ce kuma kai ke sayar da gida. Ko da ba wanda zai sani, kai ka sani, Sara ta sani, kuma da ita za ka zauna a sabon ɗakin. Ban ce ƙarar inji ba damuwa ba ce. Amma mutumin da ya rufe injinsa ranar cinikinsa saboda surukarka, mutum ne da za a iya zama da shi a yi magana. Ku duba ko za a ɗan janye injin daga jikin katanga a ɗora shi a kan dakali nasa, kai ka sayi simintin, ku kuma yarda da lokacin farawa da na tashi. Wannan zai amfani duk wanda ya sayi gidan, kuma ba a taɓa abincin kowa ba.

Kwaɗo kuwa ba ya buƙatar wata fuska ta musamman, ɗan makulli kawai yake buƙata. Ka cire shi gobe da safe. Kada ka ce magani ya gama aiki, sun daɗe da sanin babu magani. Ka fara zuwa wurin Ndagi da ƙafarka, ka gaya masa yadda abin ya faru tun daga kwat har zuwa acaba, kamar yadda ka gaya mini. Mutumin da ya iya yi wa kansa dariya haka ba zai sha wahalar neman gafara ba. Sara ta shiga wurin matan, ita suka fi jin nauyi. Za su ja aji na ɗan lokaci, za a yi maka habaici a bakin rijiya, ka shanye, ka ci bashinsa.

Sai dai akwai gyara na gaskiya da rijiyar ke buƙata. Mai saye yana da haƙƙin kada ya gaji get a buɗe da jama'a a tsakar gidansa. Tunda a kusurwa take dab da get, ka ja 'yar katanga ka raba ta da tsakar gida, ka fitar mata da ƙaramar ƙofa ta waje, a bar wata ta ciki don masu gida. Ka kira mai unguwa da dattawan layi a yi magana a fili kan yadda za a riƙa ɗiba da wanda zai riƙa yashe ta, domin wanda zai saya ya san abin da ya saya tun kafin ya biya. Kwata ma a daina rufe ta da katako ranar baƙi. Ku yi aikin gayya ku yashe ta, a haɗa hannu a sa kwalbati a bakin layi. Wannan kaɗai zai ɗaga darajar kowane gida a layin, har da na masu haya, don haka ba za ka rasa masu taya ka ba.

Daga nan ka nemi Madam Christiana. Ba sai ta hannun dillali ba, ba mamaki abokiyar aikinta da ta ba ta labari tana da 'yar'uwa a cikin masu ɗibar ruwanka, Sara za ta gano ta a yini ɗaya. Ka gaya mata layin da take nema shi ne wanda ta zo, mai gidan ne ya yi masa kwalliyar da ba ta dace ba. Ka ce ta zo duk ranar da ta ga dama ba tare da sanarwa ba, da safe, ta kuma dawo ranar da aka yi ruwa ta ga kwatar da idonta. Ka sa farashin da gidajen layinku ke fita, ka ɗora abin da rijiya ta cancanta, ka tsaya a nan. Mai yiwuwa ta riga ta sayi wani wurin. Idan haka ne, irinta suna da yawa a Minna, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa masu iyali, su za ka ce wa dillali ya nemo, idan ya ƙi ka canza dillali. Ko ma wane ne, a yi ciniki da shaidu da takardu cikakku.

Game da alkawari, surukarka 'yarta take buƙata, ba sabon kwano ba. Sara ta tafi tun yanzu ta zauna da ita, ko a ɗakin tsohuwar ne. Idan kuɗin da ya samu bai rufe ginin duka ba, ku rufe ɗaki biyu ku shiga, sauran ya biyo baya, kuma wannan karon a bar zakoki su huta. Idan Kirsimeti ya zo ciniki bai faɗa ba, ka gaya wa ƙannenta cewa ka yi saurin buga ƙirji. Za su yi maka tsiya ta yini ɗaya a kan shinkafa, ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan.

Ka tambaye ni ko unguwa ce ta kashe maka gida. Ba ta kashe shi ba, ita ta tsare maka shi duk shekarun nan, har da ranar da tayil ba zai iya tsare ka ba. Kada ka sa hannu a takardar kowa sai Ndagi ya daina ce maka Oga. Ranar da ka fito da safe ka ji ya ɗaga murya ta saman ƙarar injinsa ya ce Baban Precious, ranar kake da gidan sayarwa.

Allah ya kawo mai saye na alheri, ya kai ku gida lafiya, ya sa ku bar Kpakungu ana kewarku. Ka gaishe mini da Sara, ka ce mata na ce ita ce mai gaskiya tun ranar da ta leƙo.

Kawu Ndatsu